Kalmar Yunwa a Bakin Sinawa

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Dalijan ya gabatar a taron makon ɗalibai)



Sa'ad da aka tambaye ni kan maganar da zan yi yau, na ce zan yi bayani ne a kan kalma ɗaya tak ta Sinanci, sai magatakardan ƙungiyarmu ya yi dariya, ya ce ashe dai yau za a tashi da wuri. To, ina roƙonku ku gyara zama. Ni ba masanin Sinanci ba ne, abin da na iya a harshen bai kai in yi cinikin albasa da shi ba. Amma kalmar nan guda, da hanyar da na same ta, da abin da ta tono mini game da kaina, sun isa a yi hira.

Ni mutumin Dalijan ne, cikin ƙasar Gwandu. A 2022, lokacin da jami'o'in ƙasar nan suka yi wata 8 a rufe, daga Fabrairu har Oktoba, na gaji da zaman dakali, na nemi aiki a wani kamfani mai gina hanya da kwalbatoci, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Injiniyoyinsa Sinawa ne. Wannan ba abin mamaki ba ne yanzu. Iyayenmu in sun ce Birnin Sin, bangon duniya suke nufi, wurin da ake buga misali da shi wajen neman ilmi. Mu kuwa mun tashi mun tarar da mutanen Sin a bakin hanya suna auna ƙasa. Tun 1971 Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da su, gidan rediyonsu kuma ya fara watsa shiri da Hausa tun 1963. Da yake ina da ɗan Ingilishi, kuma hannuna ba shi da muni, sai aka ba ni rajista. Aikina in kira sunayen leburori da safe, in rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, in kuma wani ya tashi kafin lokaci in rubuta dalili.

Wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta. Gero ya yi kai amma bai nuna ba, rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, matan gida sun shiga neman tafasa da rama da yaɗiya don a yi kwaɗo a ruɗi ciki kafin a fara cin tumu. A daidai wannan lokaci ne kuɗin leburori ya makara. Ran nan da hantsi wani dattijo, sa'an mahaifina, yana ɗauke da kwanon kankare a ka, sai muka ga ya durƙushe. Muka kai shi gindin dogon yaro, muka yayyafa masa ruwa. Na ce, “Baba, me ke damunka?” Ya ce, “Ba komi, yaro, ɗan jiri ne.” Duk wanda ke tsaye a wurin ya san irin jirin. Shugaban leburori ya leƙo rajistata ya ce, “Rubuta zazzaɓi.” Na rubuta zazzaɓi.

Cikin Sinawan akwai wani safiyo mai furfura, marar yawan magana. Ya zo ya tsuguna, ya taɓa goshin dattijon, ya ji ba zafi. Ya buɗe masa fatar ido ya duba. Sa'an nan ya ɗago ya dube ni, ya dafa cikinsa, ya faɗi wani ɗan gajeren sauti kamar na wanda aka naushi ƙirjinsa. Ya aika aka kawo shayi da wani farin burodi nasu da ake turarawa. Da aka miƙa wa dattijon, sai ya kau da kai ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Bai ci ba sai da muka ba shi baya, kowa ya yi kamar yana duba wani abu.

Sautin nan shi ne kalmar da na zo da ita. Da haruffan boko, bisa tsarin da Sinawa suka amince da shi a 1958, ana rubuta ta da harafi guda, è. Kada ku karanta ta kamar “e” ɗinmu ta amsa magana. Daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, leɓɓa a sake, murya kuma ta faro daga sama ta faɗo ƙasa da sauri. In mutum zai ce yana jin yunwa sai ya ce wo è le. Wo shi ne “ni”, le kuwa ɗan ƙari ne mai nuna cewa hali ya sake, watau dā ba haka nake ba, yanzu na zama haka.

Da yamma na same shi na roƙe shi ya koya mini. Muna magana ne da guntun Ingilishi da wayarsa mai fassara, sauran kuma da hannu. Na faɗi, ya girgiza kai. Na sāke, sai ya fashe da dariya, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya miƙar da wuya yana tafiya kamar tsuntsu. Ashe na ɗaga muryata sama maimakon in saukar da ita, kuma wannan sauti in ya hau sama sunan dinya ne. Na tsaya gaban mutum ina ta shaida masa cewa na zama dinya. Sinancin da ake koyarwa a makarantunsu yana da karin sauti iri 4, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin mu ma da karin sauti muke rarrabe kukan yaro da kukar miya, da karin murya kuma muke sanin farin zane daga farin da ke ƙone amfanin gona. Kunnenmu ya riga ya horu, ba mu dai sani ba. Cikin kwana 2 na daidaita ta. Daga baya na gane cewa da wannan sauti ɗaya, da wannan faɗuwar murya, suke kiran mugunta, da shi kuma sunan kada yake farawa. Rubutu ne kaɗai ke raba su. Ni dai ban ga laifin harshen da ya haɗa yunwa da mugunta da kada a numfashi guda ba.

Ya ɗauki tsinke ya zana mini kalmar a ƙasa. Zane 10 ne, kashi biyu. Na hagu alamar abinci ce, wadda ake samu a jikin kalmomin da suka shafi ci. Na dama kuwa, abin da ya ba ni mamaki, shi ne wo ɗin nan, watau “ni”. Abinci a gefe, ni a gefe. Masana harshen sun ce an ɗora “ni” a wurin ne saboda kamannin furuci a zamanin dā, ba don ma'ana ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, don kuwa sunan dinyar da ta kunyata ni ma da wannan “ni” ake rubuta shi, a haɗa da alamar tsuntsu. Na yarda da su. Amma tun daga ranar, in na tuna zanen sai in ga mutum tsaye kusa da akushi, hannunsa bai kai ba.

Daɗin daɗawa, sai na lura abinci ya ratsa maganarsu ta ko'ina. In tsofaffinsu sun haɗu, gaisuwar ita ce ni chi le ma, watau “ka ci abinci?” Kalmar da suke kiran yawan jama'ar ƙasa da ita, in aka warware ta, “bakin mutum” take nufi, kamar dai yadda magidanci a wurinmu zai ce baki goma yake ciyarwa. Aikin gwamnati kuwa, wanda ba a korar mutum, suna yi masa kirari da kwanon shinkafa na ƙarfe, wanda ko ya faɗi ba ya fashewa. Yayyenmu ma'aikata, ga sunanku a Birnin Sin.

Mu fa? Muna tambayar kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, da ruwa, har da sanyi. Ba ma tambayar ciki. In an ce maka bisimilla, tarbiyya ta ce ka ce ka ƙoshi. A ƙasar Gwandu, inda jinin Fulani da na Hausawa ya gauraya, fulako ya ƙara wa abin nauyi: namiji ba ya ci a gaban surukai, ba ya ci a kan hanya, balle ya buɗe baki ya ce bai sha hura ba tun jiya (mu can hura muke cewa, 'yan Kano su yi haƙuri). Ba na raina wannan ɗabi'a. Ita ce ta sa maƙwabciya take aiko da tuwo da dare a rufe, ta ce wai a ɗanɗana mata gishiri, don kada a ji kunya. A ƙauye, inda kowa ya san hayaƙin gidan kowa, ba sai an faɗa ba. Amma rajista ba ta ganin hayaƙi. Abin da aka rubuta mata shi ta sani, shi kuma za ta kai gaba.

Bayan kwana 3 da faɗuwar dattijon, safiyon ya karɓi rajistata, ya ɗora wayarsa a kan shafin, ta fassara masa. Ya nuna kalmar zazzaɓi da yatsa, ya dube ni, bai ce komi ba. Can ya zauna a kan bulo ya ba ni labari, rabi da waya rabi da hannu. Ya ce shi ɗan lardin Henan ne, an haife shi bayan babbar yunwa. Yana da yayye biyu da bai taɓa gani ba. Uwarsa har ta mutu ba ta yarda a bar ƙwayar shinkafa a kwano. Ya ce a takardun ƙauyensu ba a rubuta cewa yunwa ta kashe kowa ba, ciwon kumburi aka rubuta.

Da aka buɗe makaranta na shiga laburare na bi diddigin maganar, ga abin da na samu. A 1958 shugaban Sin, Mao Zedong, ya ƙaddamar da shirin ɗaga ƙasar da tsalle ɗaya ta cim ma ƙasashe masu masana'antu. Aka tattara manoma cikin manyan gandaye na tarayya, aka hana girki a gida, aka janye ɗimbin majiya ƙarfi daga gona zuwa narka ƙarfe, har aka yi shelar kashe gwarare don wai suna cin hatsi, ƙwari kuwa suka sami sarari. Duk wannan ɓarna ce, amma abin da ya mai da ɓarnar ta zama annoba shi ne lissafi. Kowane ƙaramin ma'aikaci yana tsoron a ce gundumarsa ta gaza, sai ya ƙara a kan abin da aka girbe. Na samansa ya ƙara nasa. Kafin takarda ta kai Beijing, an ce hatsin 1958 ya kai tan miliyan 375, alhali na gaskiya bai wuce kimanin miliyan 200 ba. Gwamnati kuwa da wannan lissafin ƙarya ta yanke rabonta. Aka kwashe hatsi daga ƙauyuka, har ana sayar da wani ƙasashen waje, masu noman suna cin ɓawon itace. A 1959, a taron da aka yi a dutsen Lushan, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna cewa akwai gyara. Aka tuɓe shi. Daga nan kowa ya kama bakinsa. A yankin Xinyang na lardin Henan, inda mutane wajen miliyan 1 suka mutu, an riƙa tare wasiƙu a gidan waya, ana tsare hanyoyi don kada mayunwata su fita a gan su. Tsakanin 1959 da 1961, ƙididdigar masana ta kama daga mutum miliyan 15 har sama da miliyan 40. A farkon 1962 Liu Shaoqi, wanda yake shugaban ƙasa a lokacin, ya faɗa wa taron dubban jami'ai abin da manoman Hunan suka gaya masa, cewa in an kasa musibar kashi 10, uku ne na yanayi, bakwai aikin mutum ne.

Ku duba fa, jama'a. Mutanen da gaisuwarsu ita ce “ka ci abinci?”, mutanen da kalmar yunwa a bakinsu ba ta fi numfashi ɗaya ba, su ne suka yi shekara 3 kalmar ba ta iya hawa matakalar ofis. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya sami lambar Nobel a 1998, ya daɗe yana jan hankali cewa babbar yunwa ba ta cika aukuwa a ƙasar da ake zaɓe kuma jarida ke da bakin magana ba, don kuwa a can labari yana isa kafin gawa ta yi yawa. Yadda Sin ta fita daga ramin ma da faɗin gaskiya ya soma. Yuan Longping, malamin makarantar aikin gona a Hunan wanda ya ga gawawwaki da idonsa a shekarun nan, ya duƙufa kan auren irin shinkafa har ya ci nasara a 1973. A ƙarshen 1978 kuma manoma 18 na ƙauyen Xiaogang a lardin Anhui suka dangwala yatsa a ɓoye, suka raba gandun tarayya kowa ya noma nasa, abin da daga baya gwamnati ta mayar tsarin ƙasa.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Kakanninmu ba su iya cewa “ina jin yunwa” ba, amma in ta wuce sukan raɗa mata suna don kada a manta. Akwai Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta zo jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta fara cinye filin hatsi, haraji kuma ba a daina karɓa ba. Akwai 'Yar Buhu ta 1927. Akwai wadda aka yi wa laƙabi da Suɗe Mu Gaisa, watau gama da kwanonka tukuna, don in na yi sallama yanzu tilas ka ce mini bisimilla, ni kuwa na san ba zai ishe mu ba. Ban taɓa jin sunan da ya bayyana mu kamar wannan ba: har cikin masifa, kunya ce ke tsara gaisuwa. Sai kuma farin 1972 zuwa 1974, wanda iyayenmu suka gani, ya ƙare dabbobi, ya kora mutanen arewa da mu zuwa garuruwanmu. A Nijar, rikon sakainar kashin da aka yi wa taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. A 2005 ma, yara suna ta ramewa a yankin Maradi, Shugaba Mamadou Tandja ya fito ya ce babu yunwa a ƙasarsa. Hausawa dai sun riga sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Mu dawo gida. Jiharmu ta Kebbi, tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, ba ta taɓa yin suna kamar na shinkafa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015. A 2021 aka jera dalar buhunan shinkafa a Zauro, aka ɗauki hoto, duniya ta gani. Ban ce ba a yi noma ba. An yi, wanda ya bi fadama ya shaida. Amma ambaliyar 2020 ta shafe dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a jihar nan, kuma bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin abinci ya yi ta hawa, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara. A watan Agusta na shekarar mutane suka fito kan titi. Yarabawa suna cewa ebi n pa wa, yunwa tana kashe mu. Namu ma suka ajiye fulako suka kira ta da sunanta. Dalar shinkafa lissafin buhu ce. Ba ta gaya maka ko mai gadin da ke tsaronta ya karya kumallo. Wannan lissafi na biyu ba wanda zai kawo shi sai malamin gona da ke zagaya ƙauyuka, da ma'aikaciyar asibiti mai auna damtsen yara, da malamin firamare da ya ga ajinsa ya ragu da damina, da akawun ƙaramar hukuma da zai haɗa rahoton. Watau mu, nan da shekara 2 ko 3.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da ƙarfi. Maigidansa ba ya son mummunan labari. Kwanon ƙarfen ma in an ga dama ana iya karɓewa. Gaskiya ne. Ni ban ma kai ma'aikaci ba, ɗan rajista ne na wucin gadi, ba wanda ya zare mini ido, ba wanda ya yi mini barazana. Kalma ɗaya aka ce in rubuta, na rubuta, har ina gaya wa zuciyata cewa rufin asiri nake yi wa dattijon. Wataƙila akwai rufin asirin a ciki. Amma wanda ya fi amfana da zazzaɓin nan shi ne wanda ya riƙe kuɗin leburori, domin zazzaɓi laifin sauro ne, ba a tambayar kowa. Ina zaton ma'aikatan gundumomin Henan ma ba dodanni ba ne. Samari ne irinmu masu kyakkyawan hannu, kowa da rajistarsa.

Washegari na ja layi a kan zazzaɓi, na rubuta a samansa: yunwa, ba a biya shi ba mako 3. Shugaban leburori ya gani, ya ce, “Kai yaro, boko ya ɓata ka,” ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Dattijon kansa da ya ji, bai ji daɗi ba, ya aiko a gaya mini cewa na tona masa asiri a gaban baƙi. Sai da na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri, kuma har yau ban tabbata ya huce ba. An biya kuɗin a ƙarshen makon. Ba zan ce rubutuna ne ya jawo ba, mai yiwuwa ne dā ma ranar za a biya. Abin da na sani shi ne tun daga lokacin, kowace safiya kafin in kira suna, safiyon yakan sa a ajiye tukunyar shayi da burodi a gindin dogon yaron, shi kuma ya juya baya ya yi ta duba na'urarsa har a gama.

Ranar da zan koma makaranta na je sallama. Ya tambaye ni, ni chi le ma? Bakina ya riga ya buɗe zai ce na ƙoshi, don abin da ya saba ke nan. Ban karya ba ran nan, motar Birnin Kebbi nake sauri. Na ce masa wo è le, muryar ta faɗo daidai, bai yi tafiyar dinya ba. Ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi, muka ci a tsaye a bakin hanya, leburori suna kallo.

Shugaban taro, na ga ana ɗaga mini agogo.